Yadda ake tara tsofaffin sulallan azurfa na zamanin Turawa a Afirka ta Yamma

Yawancin tsofaffin kuɗin da ake tsinta a ƙasan adaka ko cikin gwangwanin kaka ba azurfa ba ne, ko da fari ne fat. Kuɗin azurfa da aka buga musamman don ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta mallaka, wato Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya, shekara takwas kacal aka yi ana buga su, daga 1913 zuwa 1920. Wanda ya riƙe waɗannan shekaru biyu a ka, ya kuma mallaki ƙaramin sikeli, da wuya a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Fara sanin abin da kake nema

A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, shekara na zagayowa ta fito da tsabar azurfa iri huɗu: taro, sisi, sule, da fataka wadda wasu ke kira dala, wato sule biyu. Lissafin lokacin shi ne kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. An yi su daidai da nauyi da faɗin kuɗin Ingila na wancan zamani:

- Taro: giram 1.41, faɗi milimita 16
- Sisi: giram 2.83, faɗi milimita 19
- Sule: giram 5.66, faɗi kimanin milimita 23.6
- Fataka: giram 11.31, faɗi kimanin milimita 28.5

A fuska akwai Sarki George na Biyar sanye da kambi yana kallon hagu, rubutun da ya kewaye shi ya fara da GEORGIVS V. A bayan sule da fataka bishiyar kwakwar manja ce tsaye, ta raba shekarar gida biyu, 19 a hagu, sauran lambobin biyu a dama, da rubutun BRITISH WEST AFRICA. Taro da sisi ba su da bishiya, darajarsu ce a rubuce cikin zoben ganye.

Daga 1913 zuwa 1919 azurfar kashi 925 ce cikin 1000, sauran jan ƙarfe ne da aka sa don ta yi tauri. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa azurfa ta yi ta tashi, har a watan Fabrairun 1920 oza ɗaya (giram 31.1) ta haura kwabo 89 a kasuwar Landan, alhali idan aka buga ozar nan ta zama kuɗi kwabo 66 take bayarwa. Sule ya zama ya fi tsada a narke fiye da a kashe shi, mutane suka shiga ɓoyewa, maƙera suka shiga narkewa. Shi ya sa a 1920 aka buga wasu da rabi azurfa rabi gauraye, kuma a wannan shekarar dai aka koma buga su da tagulla mai launin rawaya. Nan tarkon yake. Na tagullar da aka yi daga 1920 zuwa 1936 zanensu ɗaya ne da na azurfa, sarki ɗaya, bishiya ɗaya, girma ɗaya. Idan ka ga sule fari mai shekarar 1925, ko dai tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa, ko jabu ne. Shekarar 1920 ita kaɗai ce ke da iri uku, wato mai kashi 925 da mai rabin azurfa da tagulla, don haka duk abin da ke ɗauke da ita sai an gwada.

Kuɗin nan masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, wato anini da ɗari da kwabo, babu azurfa a cikinsu ko ƙwayar zarra. Gamin jan ƙarfe da nikel ne, aninin farko na 1907 ma alminiyam ne, na ƙarshe-ƙarshensu kuma jar tagulla. Suna da nasu masoya, musamman na 1936 masu sunan Edward na Takwas wanda ya yi murabus kafin a naɗa masa kambi, amma kada kowa ya sayar maka da su da sunan azurfa. Haka sulen Najeriya na 1959 mai hoton Sarauniya, fari ne amma jan ƙarfe da nikel ne.

Za ka riƙa cin karo da wasu azurfofin da suka yi yawo a yankin ba tare da an buga su dominsa ba. Akwai sulallan Ingila na zamanin Sarauniya Victoria da Edward na Bakwai, su ma kashi 925. Akwai faran biyar ta Faransa, giram 25, kashi 900. Akwai kuma liyari mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya, giram 28.07, kashi 833. Kowane liyari na wannan zubi 1780 ne a jikinsa, domin an yi ta sake buga shi da shekarar mutuwarta har zuwa yau. Mai sayarwa da ya ce maka ya haura shekara ɗari biyu saboda lambar da ke jiki, ko bai sani ba ne ko ya raina maka hankali.

Zaɓi iyaka tun da wuri

Mai tara komai ba ya gama komai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara da guda huɗu, taro da sisi da sule da fataka, kowanne ɗaya mai kyau. Na 1913 ba su da wuyar samu. Bayan nan ka ɗauki iri ɗaya, misali sule, ka bi shi shekara-shekara. Wanda ya yi nisa kuma sai ya shiga bin alamun gidajen bugu. Wanda ba shi da alama a Landan aka buga shi. Harafin H na kamfanin Heaton ne da ke Birmingham, KN kuma na King's Norton, shi ma a Birmingham. Haruffan ƙanana ne ƙwarai, suna can ƙasan zanen baya, sai da gilashin ƙara girma. Shekara ɗaya na iya samun bugu biyu, ɗaya a wadace ɗaya da wuya, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

'Yan kasuwar duniya da lambobin KM na kundin tsabar kuɗin duniya na Krause suke kiran su: taro 10, sisi 11, sule 12, fataka 13. Idan an ƙara harafi a gaban lambar, kamar 13a ko 13b, ana nufin ƙarfen ya canza. Shafin Numista na intanet yana da hotuna da jerin shekaru kyauta, ka buɗe shi kafin ka biya ko sisi.

Kayan aiki

Sikelin lantarki mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, wato mai nuna 0.01. Mai nuna 0.1 ba zai yi ba, domin a kan taro kuskurensa ya fi bambancin da kake nema. Sai gilashin ƙara girma mai ninki goma, ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na makanikai (na roba ya fi, na ƙarfe yana karce), ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, zaren ɗinki, ƙaramin kofin roba, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a kan teburi. Kullum a gefe ake riƙe tsaba, tsakanin babban yatsa da manuni. Gumin yatsa yana barin shaida a jikin azurfa, bayan watanni ta yi baƙi, kuma ba ta fita.

Gwaji, bi da bi

Na farko, shekara da zane. Ka riƙe kuɗin, kan sarki na tsaye, ka juya shi hagu zuwa dama kamar shafin littafi. Bishiyar ma ya kamata ta fito a tsaye. Ka kwatanta haruffa da hoton na gaske: na jabu sukan yi kauri, ko su yi kamar sun narke.

Na biyu, nauyi. Sulen da ya sha hannu yana raguwa, don haka 5.4 ko 5.5 ba abin tsoro ba ne idan kan sarkin ya shafe. Abin tsoro shi ne kuɗi mai zane garau kamar sabo amma nauyinsa 5.1, ko wanda ya haura 5.75. Kuɗi ba ya ƙiba da tsufa.

Na uku, faɗi da kauri. Mai yin jabu da ƙarfe mara nauyi dole ya ƙara kauri kafin ya cike giram ɗin, don haka ka ɗora shi kusa da wanda ka tabbatar da shi a kan teburi, ka shafa yatsa a kansu.

Na huɗu, gefe. Na gaske yana da tsage-tsage daidai wa daida ko'ina. A nan ne jabun zubi ke tona kansa. Wanda aka zuba a mazubi yakan bar siririn layi a tsakiyar gefen, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu, ko kuma alamar zarto inda aka goge layin. A ƙarƙashin gilashi za ka ga fuskar da ƙananan ramuka kamar an tsira allura, wani wurin kuma 'yan ƙuraje. Kuɗin gaske da injin aka buga shi, fili nasa sumul yake. Jabun ba sabon abu ba ne. Tun zamanin Turawan ya addabi hukumar, shi ya sa sule da fataka na 1938 suka zo da kwari a tsakiyar gefensu don su yi wuyar kwaikwayo.

Na biyar, maganaɗisu. Idan ya kama, magana ta ƙare. Idan bai kama ba, ba a gama ba, domin tagulla da dalma su ma ba sa kamawa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, a nan kuma ake cin su.

Na shida, ƙara. Ka ɗora fataka a kan yatsa, ka ɗan buga gefenta da fensir. Azurfa tana yin ƙara siririya mai daɗewa, dalma da kuza kuwa ɗif suke yi. Kada ka jefa ta a siminti kamar yadda mutanen zamanin da suke yi, kowace jifa tabo ce a gefe. Kuɗin da ke da tsaga a ciki ko tabon liƙi ba ya ƙara ko da na gaske ne, don haka wannan gwajin shaida ce kawai, ba hukunci ba.

Na bakwai shi ne alƙali, gwajin ruwa. Ka auna kuɗin a bushe ka rubuta. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure kuɗin da zare, ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse duka, ba tare da ya taɓa gindi ko bangon kofin ba, ka riƙe hannunka cak ka karanta lambar. Sai ka raba nauyin bushe da wannan lamba. Fataka mai giram 11.31 ta azurfa za ta nuna kimanin 1.09 a ruwa, rabon ya ba ka kusan 10.4. Mai rabin azurfa tana ba da kusan 9.6. Jan ƙarfe da nikel 8.9. Tagullar da aka yi wa ruwan azurfa za ta nuna wajen 1.3 a ruwa, rabon ya sauko ƙasa da 9. Abin da ke ɓata gwajin uku ne: kumfar iska da ta maƙale a jikin zaren, iskar fanka da ke kaɗa sikelin, da rawar hannu. Ka rataya zaren a fensirin da ka gitta a kan littattafai biyu, ka kashe fanka, ka yi sau uku. A kan taro gwajin ba shi da tabbas, domin lambar ruwan wajen 0.14 ce, kuskuren 0.01 kaɗai ya isa ya sauya amsar. Da ka gama ka tsane kuɗin da tawul, dannawa ba gogewa ba.

Kada ka yarda a karce kuɗin a dutse ko a ɗiga masa asid kamar yadda ake gwada awarwaro. Gwajin zai gaya maka azurfa ce, amma ya riga ya mayar da ita ta narkewa.

Lafiyar kuɗi

Sule biyu masu shekara ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya sau da yawa saboda lafiya kawai. Wuraren da suka fi tudu su ke fara cinyewa: zoben kambin da 'yan duwatsunsa, gemu, kunne, a baya kuma ganyen kwakwar da jikin kututturen. Idan duwatsun kambi sun haɗe sun zama layi ɗaya, kuɗin ya sha yawo. Idan kana iya ƙirga su, kana kuma ganin gashin gemu, yana da kyau. Wanda bai taɓa shiga kasuwa ba yana da wani sheƙi da ke zagayawa kamar hannun agogo idan ka karkata shi a gaban fitila. Wannan sheƙin daga dukan injin yake, babu man da ke dawo da shi. A jerin 'yan kasuwa za ka ga F, VF, EF da UNC, daga mai matsakaicin lafiya zuwa wanda bai zagaya ba. Kamfanonin tantancewa irin su NGC da PCGS lamba suke bayarwa daga 1 zuwa 70, su rufe kuɗin a cikin roba mai hatimi.

Azurfar yankin nan ta sha zama kayan ado, don haka ka duba saman kan sarki da kyau. Nan ake huda don ratayawa, nan kuma ake cike hudar a shafe. Haruffan wurin sukan bambanta da sauran, launin ma haka. A gefe ka nemi wurin da tsage-tsagen suka ɓace na tsawon ƙwayar shinkafa, alamar an taɓa liƙa masa kunne. Irin wannan kuɗi yana da tarihinsa, ba laifi ka ajiye shi, amma farashinsa na azurfar da ke ciki ne.

Lissafin farashi

Kowane kuɗi yana da ƙasa da sama. Ƙasan shi ne azurfarsa: ka ninka nauyi da 0.925. Cikakken sule yana da giram 5.23 na tsantsar azurfa, fataka 10.46, sisi 2.62, taro 1.31. Farashin duniya da oza ake faɗinsa, ozar azurfa kuwa giram 31.1 ce, ba 28.35 ta kayan masarufi ba. Ka raba farashin ranar da 31.1, ka ninka da giram ɗin. Kuɗin da ya cinye ko aka huda bai kamata ya yi nisa da wannan ba. Saman kuma lafiya da ƙaranci ke kawo shi, kuma hanyar saninsa ita ce duba abin da aka riga aka sayar a gwanjo. Kuɗin da wani ya yanka a shafinsa buri ne, ba ciniki ba.

Idan ta intanet za ka saya, ka nemi hoto uku, fuska da baya da gefe, da na huɗu kuɗin na kan sikeli. Ka tabbatar akwai damar mayarwa. Mai gaggawar cewa wani na jira, ƙyale wa wanin. Kuma gara fataka ɗaya lafiyayya da goma shafaffu, domin ranar sayarwa shafaffun a sikeli za a zuba su.

Kada ka wanke

Wannan shi ne inda aka fi asara. Mutum ya samu sule ya yi duhu, sai ya ɗauko toka ko lemun tsami ko man goge baki ya dirje shi ya yi fes. Abin da ya yi shi ne ya kankare fatar kuɗin, ya bar ɗaruruwan siraran karce da gilashi ke nunawa nan take. Duhun nan haɗuwar azurfa da farar wutar da ke cikin iska ce, masu saye kuma sun fi son sa da ƙyallin gugar hannu. Kamfanonin tantancewa ma ba sa ba wankakken kuɗi lamba, sai dai su rubuta cewa an wanke shi.

Abin da ya halatta kaɗan ne. Idan ƙasa ce ta maƙale, ka jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu a tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ruwan zalla ba asid ba, kana canza ruwan. Idan gam ne ko maiƙo, ka tsoma shi minti biyar zuwa goma a tsantsar asiton cikin kofin gilashi, nesa da wuta, taga a buɗe, sannan ka bar shi ya bushe da kansa. Ruwan goge jan farce ba zai maye gurbinsa ba, akwai mai da turare a ciki. Abin da bai fita da waɗannan ba, a bar shi.

Ajiya

Kowane kuɗi da gidansa. Idan suka haɗu a gwangwani suna cizon juna. Mafi araha shi ne kwali mai tagar leda, santimita biyar-biyar, a naɗe a danne da sitefula, sai ka sa filaya ka kwantar da ƙafafun wayar don kada su karce na kusa. Masu tsada a sa su a kwanson roba mai tauri daidai faɗinsu. Ka guji leda mai laushi mai warin sabon labulen wanka, PVC ce, da zafi take fitar da wani kore mai danƙo da ke cin fuskar kuɗi. Robar ɗaure kuɗi, jarida, ulu da ambulan na yau da kullum duk suna ɗauke da farar wuta, suna baƙanta azurfa, robar ma layi take bari a jiki. Ka sa kwalayen a akwati mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka sauya su bayan damina.

A jikin kwalin ka rubuta iri, shekara, alamar gidan bugu da nauyi. A littafi dabam ka ƙara ranar saye, abin da ka biya, da inda kuɗin ya fito, ka ɗauki hoton fuska da baya. Idan gado ne, rubuta sunan mai shi da abin da aka sani game da shi, kada ka bar magada su kai wa maƙeri bisa rashin sani.

Idan kuwa tulu ko tukunyar kuɗi aka tono a ƙasa, kada a rarraba kafin a ƙirga a rubuta shekarun duka, domin shekara mafi kusa a cikinsu ita ke nuna lokacin da aka binne. Abin da aka tono yana iya shiga ƙarƙashin dokar kayan tarihi. A Najeriya hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke ba da izinin fitar da irin waɗannan kaya waje, don haka kafin ka aika wa wani ɗan kasuwa a Landan, ka je ofishinsu da hotuna da jerin da ka rubuta.